Ɗana, Me Ka Iya da Har Za Ka Sayar?

Ɗana, wata kasuwa ta buɗe a cikin wayar da ke hannunka, kuma na san labarinta ya riga ya iso kunnenka. Kasuwa ce da ba a kai mata kaya a mota, ba a biyan kuɗin rumfa, ba a fargabar gobara. Abin da ake sayarwa a cikinta sani ne: littafin PDF kan kiwon kaji, ajin WhatsApp na haɗa turaren wuta da humra, bidiyon yankan riga, darasin gyaran waya, saƙonnin murya kan yadda ake neman tallafin karatu. Mutum ya shirya abu sau ɗaya, ya sayar wa goma, ya sayar wa ɗari, kayan na nan bai ragu ba. Wannan ne ya ja hankalin jama'a, ba laifi ba ne kuma don ya ja naka. Ban zo in hana ka ba. Sana'a ce ta halal in an bi ƙa'idarta, har ina yi maka sha'awarta. Sai dai akwai maganganun da masu tallarta ba za su gaya maka ba, domin faɗarsu ba ta kawo ciniki. Su nake so ka natsu ka ji.

Ba da daɗewa ba, wanda ya rubuta littafi a Kano sai ya nemo kuɗin maɗaba'a, ya kai wa 'yan kasuwa su karɓa bashi, sannan ya yi ta sintiri yana bin haƙƙinsa. Yau waya ta ɗauke wannan wahalar. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, da Flutterwave da ya biyo baya a 2016, sun sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet. Selar, da Douglas Kendyson ya buɗe a 2016, don wannan harkar aka gina shi: ka ɗora littafinka ko darasinka, mai saye ya biya, kayan ya isa gare shi ko kana barci. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo ya tilasta wa har mai shayi da mai kayan miya buɗe asusun OPay ko Moniepoint. An sha wuya, amma an fita da sabon tura kuɗi ta waya. A arewa kuwa, waɗanda suka riga kowa gane hanyar su ne marubuta littattafan Hausa, galibinsu mata. Su saki shafukan farko kyauta, labari ya kama mai karatu, sannan su sanar cewa littafin na kuɗi ne, a biya a shiga zaure. Har lamba ta daban sukan ajiye wa 'yan Nijar masu biya da sefa. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa sirri ne da ya ɗauko daga Amurka, sai ka biya shi zai buɗe maka. Ƙannenka mata sun daɗe suna yi daga cikin ɗakunansu.

Ga inda tsorona yake. Ka san tallan nan da ke yawo a sitatus: saurayi ya jingina da mota, gilashi a fuska, gefe guda an jera hotunan alat na banki, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa za ka riƙa samun dubu ɗari biyu a wata da wayarka kawai, a ƙasa kuma an ce saura gurbi biyar a rufe. Ka tura dubu biyar, a saka ka a zaure. Kwana uku ana turo saƙonnin murya. Me aka koya maka? Yadda za ka haɗa talla irin wanda ya kamo ka, ka buɗe aji irin wanda ka shiga, ka kawo wasu su biya, a ba ka rabi. To ina kayan? Ba a koyar da ɗinki ba, ba a koyar da kiwo ba, babu wani abu da ɗalibi zai ɗauka ya fita da shi duniya ya yi aiki. Kuɗin na baya ne ke shiga aljihun na gaba, an lulluɓe shi da 'yar takardar PDF don a kira shi kwas. Mun ga ƙarshen irin wannan tafiya a Disambar 2016, lokacin da MMM ta daskarar da asusun mutane. Mun sake gani a Afrilun 2025 da CBEX ta rufta da dukiyar jama'a, har fusatattu suka afka wa ofishinta a Ibadan. Tsakanin waɗannan biyu, a 2024, matasa sun yi watanni suna dangwalar allon waya saboda wasan Hamster Kombat, wasu har da biyan kuɗin ajin koyon mainin, aka wayi gari a watan Satumba da abin da bai taka kara ya karya ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu shirya harkar karɓi-nan-ka-ba-can. Amma tun kafin doka ta iso gare ka, ka tuna cewa mutanen farko da za ka jawo su ne 'yan'uwanka, abokan karatunka da maƙwabtanka, domin su ne suka yarda da kai. Da su za ka ci gaba da haɗuwa a masallaci da wurin suna.

Dillanci kansa ba aibu ba ne. Kakanninmu sun yi shi a kasuwar shanu da ta hatsi, suna cin la'adarsu da gumin goshinsu. In ka tallata darasin wani aka ba ka kaso, halaliyarka ce, da sharaɗin ka shiga darasin ka gani, ka tabbata abin da kake yabo yana nan. Dillalin ƙwarai ba ya yabon dabbar da bai duba haƙoranta ba.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: me na iya da hannuna, wanda na yi shi har na ga ribarsa na kuma ga asararsa? Bari in nuna maka abin da nake nufi da kiwon kaji, tunda shi ne aka fi rubuta wa littafi. Kowa na iya kwafo jadawalin rigakafi daga intanet, ya rubuta Gumboro rana kaza, Lasota rana kaza. Wannan kyauta ake samunsa, ba shi mutum zai biya kuɗi ya saya ba. Wanda ya yi kiwo ya san abin da jadawali bai faɗa ba. Ya san in ya leƙa ɗaki da tsakar dare ya tarar 'yan tsaki sun cure wuri guda kusa da kaskon gawayi, suna hawa kan juna, sanyi suke ji, in bai ƙara wuta ba da safe zai kwashe na ƙasa a mace. In kuma ya ga sun watse sun lafe a jikin bango, baki buɗe, zafi ya yi yawa. Ya san ba a haɗa maganin rigakafi da ruwan famfo mai kulorin, domin yana kashe shi. Ya san ana janye musu ruwa na ɗan lokaci kafin a ba su, don su sha da ƙishi su shanye da wuri, kuma da sassafe ake yi. Ya san kwalbar da ta kwana ba a cikin sanyi ba ta tashi aiki, ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba irin na Ibadan ba ne, kuma manyan buroila da suka kusa fita kasuwa su ne suke faɗuwa da azahar, don haka yakan ɗauke abinci in rana ta take, ya wadata su da ruwa mai sanyi. Wannan shi ne sanin da ya cancanci kuɗi, domin mai saye zai tsira da jarinsa saboda shi. Kuma ba ya samuwa sai ga wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar kajinsa yana lissafin abin da ya salwanta.

Haka abin yake a kowace sana'a. Telar da ta yi shekaru a kan keke ta san inda atamfa ke ja in an yanke ta a karkace. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san alamar da ke raba matsalar batir da ta wurin caji kafin ya kwance waya. A gargajiyance yaro kan yi shekaru a gaban ubangidansa kafin a yaye shi, sai bayan nan ya ɗauki nasa yaran. Intanet ta rage nisa tsakanin malami da ɗalibi, amma ba ta rage shekarun da ake buƙata kafin a zama malami ba. In ba ka kai ba tukuna, babu kunya a ciki. Koma ka ƙarasa koyo, kasuwar ba gudu za ta yi ba.

Na san akwai gajeriyar hanya. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, mutum na iya zama bayan isha'i ya tashi kafin asuba da littafi mai shafi hamsin a kan abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Wasu kuma sukan sayi tarin littattafan Turanci masu arha, su canza bango, su sa sunansu. Na'urar ChatGPT ɗin na da amfani wajen gyara rubutu da tsara babi ga wanda ya san abin da yake faɗa, domin shi zai gane in ta kauce. Wanda bai sani ba, kuskuren zai kwasa ya sayar, kuma na'urar takan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. A wurare uku nake roƙonka ka ji tsoron Allah ƙwarai. Lafiya: kada ka rubuta wa mutane adadin maganin da za su sha, ko haɗin da za su ɗura wa jikinsu, alhali kai ba likita ba ne ba kuma masanin magunguna ba. Mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda littafinka, ko ƙodar da ta lalace saboda haɗin da ka koyar, ba abin da mayar da dubu biyu zai gyara ba ne. Addini: fatawa tana da ma'abotanta, kada ka tattaro guntayen bayanai ka sayar da sunan ilimi. Sai dukiyar mutane: wanda ke sayar da sirrin cin riba a kirifto ko canjin kuɗaɗen waje, ka nemi ganin lissafin cinikinsa na shekara guda cif, riba da faɗuwa, ba hoton rana ɗaya ba. Kai ma in ba za ka iya nuna irin wannan ba, kada ka buɗe ajin.

Yanzu mu ƙaddara ka iya abin, ka kuma shirya. Sai maganar yadda za ka sayar. Mai sayen atamfa yana taɓawa, ya ɗaga ta a rana, ya ja ya ji ƙarfinta. Mai sayen darasi ba ya ganin komai sai ya biya. In ba ka yi hattara ba, cinikin biri a sama za ka yi da mutane, kuma malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a babin ciniki kan haramcin sayar da abin da mai saye bai san haƙiƙaninsa ba. Maganin wannan a hannunka yake. Faɗi abin da ke ciki filla-filla: darasi nawa ne, kwana nawa za a yi, rubutu ne ko murya ko bidiyo, wane kayan aiki ɗalibi zai tanada kuma kusan nawa za su ci. Saki darasi guda kyauta, kuma ya zama daidai da sauran, kada ka zaɓo mafi kyau ka sa a gaba ka cika bayan da ƙaiƙayi. Ka san labarin da ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba zai gani ba. Algus bai canza hukunci don ya koma cikin waya ba. Hoton alat da aka haɗa, yabon ɗalibai da kai ka rubuta da wata lambar, cewa saura gurbi biyar alhali zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024 kuma ko hamsin ba ka tara ba, duk algus ne. Ka kuma faɗi wanda darasin bai dace da shi ba. In ajin na masu fara koyo ne, gaya wa wadda ta ƙware kada ta ɓata kuɗinta. In wani ya shiga ya ga ba abin da yake nema ba ne, ya nemi a warware ciniki a kwana ɗaya ko biyu na farko, mayar masa ba tare da ja-in-ja ba. Wannan mutumin zai fi yi maka talla a kan wanda ka riƙe wa kuɗi.

Wani zai ce maka ai ilimi ba a sayar da shi. Ka amsa masa da ladabi cewa malamai sun halatta karɓar lada a kan koyarwa, kuma lokacinka da datarka da shekarun da ka yi kana koyo ba a banza suka zo ba. Amma kai ma kada kuɗi su rufe maka ido. Marainiyar da ta yi maka magana tana son koyo ba ta da abin biya, saka ta a ajin ba tare da kowa ya sani ba. Ba abin da zai ragu a kayanka.

Sai babbar matsalar wannan kasuwa, wadda ba a faɗa a talla. Abin da ya sa kayanka ba ya ƙarewa shi ne kuma ya sa ba ya tsaruwa. Mutum ɗaya ya saya, ya danna sau biyu, littafinka ya shiga zaure goma kafin la'asar. Tambayi 'yan fim na Kano. Kasuwar Ƙofar Wambai ta taɓa cika da dilolin kaset da faifan CD, sai masu turawa suka zo suna zuba fina-finai a memorin waya da 'yan canji, kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Marubutan nan mata ma, kusan kowane littafi za ka ga an rubuta a samansa cewa duk wadda ta fitar ba a yafe mata ba, amma ana fitarwa. Doka tana bayanka: an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a Maris 2023, ta kuma shafi abin da ake yaɗawa a intanet. Shari'a ma tana bayanka: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne, bai halatta a keta shi ba. Telegram na ba ka damar hana turawa da adanawa. Duk da haka, wanda ya yi niyya zai ɗauki wata wayar ya haska allon. Ba za ka kai mutum ɗari kotu kan littafin dubu biyu ba.

Saboda haka kada ka gina sana'ar a kan takardar kaɗai. Gina ta a kan abin da ba ya turuwa, wato kai kanka. Ɗaliba ta haɗa turare ya ƙi kama wuta, ta turo hoto, ka duba ka ce mata sukarin ya yi yawa ko itacen bai bushe ba. Mai kiwo ya turo bidiyon kashin kajinsa da dare, ka gaya masa wannan ya wuce saninka, ya nemi likitan dabbobi da safe kada ya jira. Wanda ya samu littafinka a sata ba zai samu wannan ba, kuma sau da yawa shi ne zai dawo ya biya don ya samu. Sai dai ka san nauyin da ka ɗauka. Waɗanda ke cewa kuɗi za su riƙa shigowa kana kwance rabin magana suka faɗa. In ka karɓi kuɗin mutum hamsin, ka ɗauki amanar amsa tambayar mutum hamsin. Ka yanka lokacin da za ka riƙa amsawa, ka sanar da su, ka cika. Kuma yadda ba ka so a fitar da naka, kada wayarka ta zama ma'ajiyar littattafan wasu da aka sato.

Ka riƙe lambobin ɗalibanka da kwafin darussanka a wurin da kai ke da iko da shi. OkadaBooks, da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ya yi shekara goma yana sayar da littattafan marubutan Najeriya, har da na Hausa, sannan ya rufe a ƙarshen 2023. Shafin Facebook ko TikTok ma ana iya rufe maka shi dare ɗaya ba tare da an saurari uzurinka ba.

Zauna da biro da takarda kafin ka yi murna. Mu ce ka sa aji naira 3,000, mutum 30 suka shiga, ka tara 90,000. Cire 25,000 na talla, cire 10,000 na data, cire 15,000 la'adar waɗanda suka kawo maka mutum goma. Saura 40,000, a kan makonni biyu na koyarwa da amsa tambayoyi, ban da kwanakin shiri. Kuɗi ne, kuma alheri ne, amma ba su ne motar da ke cikin hoton ba. Ka kuma sani zagayen farko ya fi kowanne sauƙi, domin masu shiga sanannunka ne. A zagaye na biyu ake gane ko darasin na da amfani, lokacin da ba mai shigowa sai wanda tsohon ɗalibi ya turo. Ka tausaya wa mai saye wajen data, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Bidiyon awa guda ya fi ƙarfin mafi yawan mutanenka. Yanka shi gajeru-gajeru, abin da murya za ta wadatar kada ka yi masa bidiyo, kuma ka yi da Hausar da mahaifiyarka za ta fahimta. Nan ne ma ƙarfinka yake: darussan Turanci sun cika intanet, amma mai neman a yi masa bayanin kiwon kifi ko lissafin shago da Hausa, daga Gusau har Damagaram har zangon Kumasi, bai samu masu yi masa da yawa ba.

Ke kuma 'yata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari ɗaya. In ajinki na mata ne zalla, tantance masu shiga da saƙon murya kafin ki saka su, domin maza kan shigo da sunan mata. Ki ware lambar sana'a daban da ta gida. Sirrin da ɗaliba ta gaya miki game da aurenta ko jikinta amana ce, kada ya zama abin tallarki ko da kin goge sunanta.

Abu na ƙarshe, ɗana, kada ka rufe shago ko ka sayar da kajin don ka koma koyarwa zalla. Wannan ƙarin ƙofar samu ce a gefen sana'arka, kuma daga sana'ar take shan ruwa. Ranar da ka daina yi da hannunka, saninka zai tsaya a inda ka bar shi, alhali farashin buhun abinci na canzawa, sabuwar cuta na ɓullowa, yayin ɗinki na wucewa, wayoyin da ake kawowa gyara na sauya fasali. Duk bayan 'yan watanni ka buɗe darasinka ka karanta shi daga farko, ka gyara farashin da ya tsufa, ka cire dabarar da ka gano akwai wadda ta fi ta, ka ƙara amsar tambayoyin da ɗalibai suka fi maimaitawa. Sabon kwafin kuma ka tura wa waɗanda suka saya tun farko, kada ka sake karɓar ko sisinsu.